Haƙƙi ne ko Sadaka? Nazari a kan Haɗin Gwiwar Gwamnati da Kamfanoni wajen Koya wa Matasa Fasahar Zamani

Gabatarwa

Ranar da na fara zama a gaban masu ɗaukar ma'aikata, wata biyu bayan na kammala hidimar ƙasa, na je da takardar digirina ta kimiyyar kwamfuta a cikin wata jaka da na goge ta tun da daddare. Mutumin da ya gana da ni bai ko buɗe jakar ba. Sai ya juyo mini da kwamfutarsa, ya ce ga wata 'yar manhaja nan ta ƙi aiki, in duba in gano inda matsalar take, ya ba ni rabin awa. Na zauna ina kallon rubutun kamar baƙauyen da aka ajiye a tsakiyar kasuwar Kwari. Na san sunan kowane abu da ke gabana, domin na haddace ma'anoninsu na kuma ci jarrabawa a kansu. Abin da ban taɓa yi ba shi ne in sa hannu in gyara wanda ya lalace. Mun fi mutum ɗari a ajinmu, kwamfutocin da ke aiki a ɗakin gwajinmu kuwa ana iya ƙirga su da yatsu, don haka yawancin manhajojin da na rubuta a rayuwata a kan takarda na rubuta su, malami ya duba da jan biro.

Da lokaci ya cika, mutumin ya dube ni da tausayi, ya ce: "Malam, ba laifinka ba ne. Amma mu ma nan ba makaranta ba ce." Na yi masa godiya na fito.

Wannan magana ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya, domin na rasa inda ƙarya take a cikinta. Idan ba laifina ba ne, kuma kamfani ba makaranta ba ne, makaranta kuwa ta riga ta sallame ni da shaidar cewa na iya, to nauyin wa ne? Tambayar da wannan maƙala za ta bi ke nan. A yau ana ta shelar haɗin gwiwa tsakanin gwamnati da kamfanoni domin cike giɓin ƙwarewa a fasahar zamani. Ina son in duba asalin wannan haɗin gwiwa ta fuskar ɗabi'a da adalci: shin abin da ake ba matashi haƙƙinsa ne da aka jinkirta, ko kuwa sadaka ce da ya kamata ya karɓa da hannu biyu ya yi shiru? Amsar tana da muhimmanci, domin mai haƙƙi yana da bakin tambaya, mai karɓar sadaka kuwa sai godiya.

Yadda giɓin ya samu

A farkon shekarar 2001, lokacin da aka yi gwanjon lasisin wayar salula a Nijeriya, layukan tarho a ƙasar nan ba su kai rabin miliyan ba. Yau layukan da ke aiki sun haura miliyan 150. Cikin shekarun da ba su kai tsawon rayuwata da yawa ba, waya ta shiga kowane lungu, ta zama banki, ta zama kasuwa, ta zama gidan rediyo. Ƙarancin takardun kuɗi da aka yi fama da shi a farkon 2023 ya tilasta wa mai shayi da mai kayan miya karɓar kuɗi ta waya ko suna so ko ba sa so. Tun daga 2015 kuma jarrabawar shiga jami'a gaba ɗayanta da kwamfuta ake yin ta.

Na ga abin da wannan ke nufi a cikin gidanmu. Ƙanwata tana daga cikin masu ƙoƙari a ajinsu, amma ranar da ta je rubuta wannan jarrabawa ita ce rana ta biyu a rayuwarta da ta ɗora yatsunta a kan madannan kwamfuta. A makarantarsu ana koyar da darasin kwamfuta, sai dai a allo ake zana ta da alli. Ta dawo gida tana kuka, ba don ba ta san amsoshin ba, sai don kashi ɗaya cikin uku na lokacinta ya tafi wajen neman yadda za ta wuce daga wannan tambaya zuwa waccan.

Giɓin nan hawa biyu ne. Na ƙasa shi ne na ƙanwata, wato rashin sanin abin da kowane ɗan ƙasa yake buƙata domin ya yi jarrabawa, ya cike takardar neman aiki, ya kare asusunsa daga 'yan damfara. Na sama shi ne nawa, wato tazarar da ke tsakanin abin da takardar shaida ta ce mutum ya iya da abin da wurin aiki yake nema a hannunsa. Abin lura shi ne, ba matasa ne suka zaɓi a mayar da jarrabawa da banki da neman aiki cikin na'ura ba. Hukuma ce ta yanke, kamfanoni suka shimfiɗa hanyar kuma suka ci ribarta. Wanda ya ɗaga ƙofar gida zuwa saman bene, shi ya kamata ya gina matakala.

Farilla a kan al'umma

Malaman Musulunci sun daɗe da raba wajibai gida biyu: wanda ke kan kowane mutum shi kaɗai, da wanda ke kan al'umma a dunƙule, wato farali na kifaya, wanda idan wasu suka tsaya da shi ya faɗi a kan saura, idan kuwa kowa ya bari to kowa ya yi laifi. Imam al-Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya sanya ilimin likitanci da lissafi, da tushen sana'o'i irin su noma da saƙa, a cikin wannan rukuni a littafinsa Ihya'u Ulumiddin. Hujjarsa ita ce rayuwar jama'a ba ta miƙewa sai da su, kuma garin da ya wayi gari ba shi da mai yin ɗaya daga cikinsu ya jefa kansa cikin halaka.

Idan muka ɗauki wannan ma'auni muka ɗora a kan zamaninmu, ba na jin akwai mai musun cewa fasahar zamani ta shiga sahu. Ƙasar da albashin ma'aikatanta, da rajistar masu zaɓenta, da bayanan asibitocinta suke cikin na'ura, amma ba ta da isassun 'ya'yanta da za su gina waɗannan na'urori su tsare su, ta bar makullin gidanta a hannun baƙo. Kyawun wannan fahimta shi ne ta fitar da maganar daga bakin "wa zai taimaka" ta mayar da ita "wa zai amsa tambaya". Sai dai tana da wani haɗari da Bahaushe ya sani sarai: abin da aka ce na kowa ne, sau da yawa ba na kowa ba ne. Jami'a ta ce kamfani zai ƙarasa, kamfani ya ce ba makaranta ba ne, gwamnati ta ce ba ta da kuɗi. Saboda haka bai isa a ce nauyin na al'umma ne ba, dole a yanka wa kowa rabonsa.

Rabon gwamnati a bayyane yake. Ita ke karɓar haraji, ita ke amincewa da tsarin karatu, ita ke buga hatimi a kan takardar shaida. Takardar da aka ba ni alkawari ce da hukuma ta yi wa duk wanda zai ɗauke ni aiki cewa an gwada ni an ga na iya. Idan alkawarin bai cika ba, an zalunci mutum biyu: ni da na ba da shekaruna, da wanda ya yarda da hatimin. Haka kuma gwamnati ce kaɗai take da dalilin tunawa da yarinyar da ke ƙauyen da babu kamfanin da zai ci riba a cikinsa.

Hujjar kamfani, da inda ta tsaya

Adalci ne a saurari kamfani, domin hujjarsa ba ta banza ba ce. Masanin tattalin arziki na Amurka Gary Becker, a littafinsa na 1964 a kan jarin ɗan Adam, ya bambanta horo iri biyu. Akwai wanda ba shi da amfani sai a cikin kamfanin da ya bayar da shi, akwai kuma na gama-gari wanda ma'aikaci zai iya ɗauka ya tafi da shi ko'ina. Kamfani zai biya kuɗin na farko da daɗin rai, amma zai ja da baya a kan na biyu, saboda tsoron kada ya horar da mutum wani ya zo ya ɗauke shi da ƙarin albashi. Ƙwarewar kwamfuta kuwa kusan dukkanta daga nau'i na biyu take. Wanda ya iya rubuta manhaja a Kano zai iya rubuta ta a Landan, sau da yawa ma ba tare da ya bar ɗakinsa ba. Mai kamfanin da ya ce yana gudun kada a yi kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi bai yi ƙarya ba.

Mun ga misalin haka a fili. Kamfanin Andela, wanda aka kafa a Legas a 2014, ya yi suna wajen ɗaukar matasa marasa gogewa ya horar da su ya haɗa su da kamfanonin ƙetare. A watan Satumba na 2019 ya sallami ƙananan injiniyoyi kimanin 400 a Nijeriya da Kenya da Uganda, ya bayyana cewa abokan cinikinsa ƙwararru masu gogewa suke nema. Ban kawo wannan don zargi ba. Na kawo shi ne don ya nuna iyakar kasuwa: tana koyarwa muddin koyarwar tana biyan kanta, ranar da lissafi ya juya kuwa sai ta tsaya. Ƙasar da ta jingina tarbiyyar 'ya'yanta gaba ɗaya a kan kasuwa ta jingina da inuwar gajimare.

To amma a nan ne hujjar kamfani take juyowa ta kama shi. Idan kowane kamfani yana jiran wani ya horar shi kuma ya ɗauka, ƙarshenta babu wanda zai horar, kuma dukkansu za su yi ta kukan rashin ƙwararru suna ƙwace 'yan kaɗan ɗin da ke akwai daga hannun juna. Maganin irin wannan ciwo shi ne a haɗa su a kan doka ɗaya, kowa ya zuba, kowa ya ɗiba. Sa'annan akwai abin da ya fi wannan zurfi. Ma'aikacin da kamfani ya ɗauka bai faɗo daga sama ba. Uwa ta raine shi, malamin firamare da albashinsa bai taka kara ya karya ba ya koya masa baƙi da wasali, talakawa suka biya harajin da aka gina jami'arsa. Kamfanin sadarwa yana amfani da sararin samaniyar ƙasa, banki yana juya ajiyar jama'a. Wanda ya sha daga rijiyar da bai haƙa ba, yasarta ba alfarma ba ce a gare shi. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Dokokin ƙasar nan ma sun yarda da haka tun da daɗewa. A 1971 aka kafa Asusun Horar da Ma'aikata, wato ITF, wanda masu ɗaukar ma'aikata ke zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da suke biya a cikinsa, kuma daga gare shi ne shirin SIWES na tura ɗalibai wuraren aiki ya fito. Dokar hukumar NITDA ta 2007 ta ɗora kashi 1 cikin 100 na riba kafin haraji a kan bankuna da kamfanonin sadarwa da makamantansu waɗanda cinikinsu ya kai naira miliyan 100 a shekara, domin bunƙasa fasahar sadarwa. Ashe ke nan maganar ba sabuwa ba ce, kuma ba a kan kyauta aka gina ta ba. An gina ta ne a kan bashi.

Abin da ake yi, da abin da wasu suka yi

Ba za a ce an zauna an naɗe hannu ba. A 2017 shugaban Google, Sundar Pichai, ya zo Legas ya yi alkawarin horar da 'yan Afirka miliyan 10 cikin shekara biyar. A ƙarshen 2019, zamanin minista Isa Ali Pantami, aka ƙaddamar da manufar tattalin arzikin fasahar zamani ta 2020 zuwa 2030, kuma ƙasa ta sa wa kanta burin kashi 95 cikin 100 na jama'arta su san amfani da fasahar nan kafin ƙarshen wa'adin. A 2021 Microsoft da gwamnatin tarayya suka sanar da shirin horar da mutum miliyan 5. A ƙarshen 2023 kuma ma'aikatar sadarwa ƙarƙashin Dakta Bosun Tijani ta fito da shirin 3MTT, mai burin samar da ƙwararru miliyan 3 a fannoni irin su rubuta manhaja, da nazarin bayanai, da tsaron intanet, da ƙirƙirarriyar basira. An fara da mutum 30,000, aka tsara 270,000 a zango na biyu, kamfanin IHS ya sa naira biliyan 1 domin tallafa wa cibiyoyin koyon, MTN ma ya shigo da nasa. Wannan yunƙuri ne na gaske, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sai dai yana da kyau mu leƙa inda irin wannan haɗin gwiwa ya daɗe har ya yi jijiya. A Jamus, ƙarƙashin dokar koyon sana'a ta 1969, matashi yana ƙulla yarjejeniya da kamfani, ya yi kwana uku ko huɗu na mako a wurin aiki, sauran a makarantar gwamnati, tsawon shekara biyu zuwa uku da rabi, ana kuma biyan sa alawus. Gwamnati da ƙungiyoyin masu kamfanoni da na ma'aikata su ke zama tare su tsara abin da za a koya a sana'o'i fiye da 300, cibiyoyin ciniki da masana'antu kuma su yi jarrabawar ƙarshe. A Singafo, daga 2016, an ba kowane ɗan ƙasa mai shekara 25 zuwa sama dalar ƙasar 500 a asusun koyo na shirin SkillsFuture, ya zaɓi darasin da yake so daga cikin waɗanda aka amince da su. Darasin da na ɗauka daga waɗannan ƙasashe biyu guda ne: sun mayar da abin tsari mai doka wanda ba ya mutuwa da sauyin minista ko sauyin shugaban kamfani.

Mu ma ba baƙin wannan hikima ba ne. Maƙeri da marini da baduku ba su taɓa raba koyo da aiki ba. Yaro yana zuga zugazugi yana kallon yadda ake sarrafa ƙarfe har ranar da za a miƙa masa guduma. Ibn Khaldun ya yi bayani a Muƙaddimarsa cewa sana'a malaka ce da ke zama a jiki ta hanyar maimaita aiki a gaban malami. Ni kaina, bayan waccan ganawa, wurin wani mai gyaran waya da kwamfuta a kasuwar Farm Centre ta Kano na je na zauna wata shida. Bai yi jami'a ba, amma a rumfarsa na fara sanin daɗin gano ciwon na'ura da hannuna. Ya kan ce da ni: "Ɗan boko, karatunka na nan, bai ɓace ba, hannunka ne bai san shi ba tukuna." Gaskiya ya faɗa, domin da hannun ya fara sabawa sai na ga duk abin da na haddace yana dawowa da ma'ana.

Sharuɗɗan da za su sa haɗin gwiwar ya zama adalci

Tarayyar mai mulki da mai kuɗi ba kullum take zama alheri ga talaka ba. Domin haɗin gwiwar nan ya cancanci sunansa, ina ganin akwai sharuɗɗa huɗu.

Na farko shi ne gaskiya a wurin ƙidaya. Na taɓa halartar wani horo na kwana uku da wani ofishi ya shirya tare da wani kamfani. An raba mana riguna, an ɗauki hoto, an ba mu takardar shaida, kuma na tabbata an sa mu a cikin adadin "waɗanda aka horar". Babu ko ɗaya daga cikinmu da ya fito da abin da zai ci abinci da shi. Adadin waɗanda suka zauna a aji ba shi ne abin tambaya ba. Abin tambaya shi ne mutum nawa ne, bayan shekara guda, suke samun abin kansu da abin da suka koya, kuma nawa ne daga cikinsu mata, nawa ne daga karkara. Duk shirin da aka kashe masa kuɗin jama'a ya wajaba ya bayyana wannan a fili, ko da amsar ba ta yi daɗi ba. Ƙidayar da ke ɓoye gazawa cin amana ce, domin tana sa a ɗauka an yi maganin ciwon da yake nan daram.

Na biyu shi ne a fara da na nesa. Horon da ake yi ta intanet yana zuwa ne da sharuɗɗan da ba a rubuta ba: kwamfuta, da kuɗin data, da wutar lantarki, da Turanci. Wanda ya mallaki waɗannan huɗu ya riga ya yi rabin tafiya. A ƙasar da yara fiye da miliyan 10 ba sa zuwa makaranta, mafi yawansu a Arewa, kuma a yankin da aka taɓa rufe layukan sadarwa na tsawon makonni saboda matsalar tsaro, kamar yadda aka yi a Zamfara a watan Satumba na 2021, shirin da ya ce "ƙofa a buɗe take ga kowa" zai iya zama mai faɗaɗa tazarar da ya zo cikewa, a yi kashin dankali, babba ya danne ƙarami. Kasuwa tana zuwa inda riba take, don haka aikin gwamnati ne a teburin yarjejeniya ta ce: ga cibiya a ƙaramar hukuma mai wutar sola, ga kaso na mata, ga darasin farko da harshen da mai koyo yake mafarki da shi. Bayani a kan tsare lambar sirri ba ya rasa komai don an yi shi da Hausa ko Kanuri ko Fulfulde.

Na uku shi ne a koyar da saiwa tare da reshe. Kamfanin da ya ɗauki nauyin horo yana da sha'awar ya koyar da kayansa, domin duk wanda ya saba da su ya zama abokin cinikinsa na gobe. Wannan ba laifi ba ne, amma bai wadatar ba. Tun da ChatGPT ya fito a watan Nuwamba na 2022, ayyuka da dama da ake koya wa masu farawa sun zama abin da na'ura take yi cikin daƙiƙoƙi. Wanda aka koya wa danna wasu maɓallai kawai, ranar da aka sauya maɓallan ya koma jahili. Wanda aka koya wa lissafi, da tsara tunani, da rubutu mai ma'ana, da yadda ake koyon sabon abu, shi ne zai tsallake. A nan ne nake kare jami'a duk da abin da na faɗa a baya: saiwar da ta ba ni ita ce ta sa wata shida a rumfa suka ishe ni.

Na huɗu, wanda shi ne uwar sauran, shi ne a tuna cewa mutum ake ginawa. Immanuel Kant ya yi nuni a 1785 cewa bai halatta a ɗauki ɗan Adam a matsayin kayan aiki kawai ba, domin shi kansa manufa ne. Ina jin wani iri idan na ji ana maganar matasa kamar amfanin gona da za a fitar waje a samo kuɗin ƙetare, kamar yadda aka yi da dalar gyaɗa a da. Neman aiki a kamfanonin duniya abu ne mai kyau, kuma ba na ganin laifin wanda ya tafi neman halalinsa. Amma idan duk abin da muka koya ya ƙare a warware matsalolin wasu, alhali manomin Dawanau bai san farashin kasuwa ba sai ta bakin dillali, asibitin ƙauye kuma yana ajiye tarihin marasa lafiya a kwali, to farillar nan ba ta faɗi a kanmu ba tukuna.

Rabon mai koyo

Zai zama son kai in raba wa gwamnati da kamfani nauyi in manta da kaina. Idan ilimin nan haƙƙina ne a kan al'umma, to da zarar ya shigo hannuna ya zama haƙƙin wani a kaina. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ba ta jira an gina makaranta a kowane ƙauye ba. Ta horar da jajis, ta naɗa musu malfa, suka bazu cikin karkara suna koyar da mata a tsarin da aka sani da 'Yan Taru, wanda ya rayu bayanta shekaru masu yawa. Dabarar ita ce duk wadda ta koya ta zama mai koyarwa.

Da wannan tunani ne na fara tara yaran unguwarmu masu shirin jarrabawa duk ranar Asabar, da tsohuwar kwamfuta guda biyu da na gyara da hannuna. Ba wani babban abu ba ne, kuma ba zai maye gurbin abin da hukuma ta gaza yi ba. Amma ƙanwata, wadda ta sake zama ta ci, ita ce yanzu take kula da ajin 'yan mata.

Kammalawa

Na fara da tambaya: haƙƙi ne ko sadaka? Abin da na tsaya a kai shi ne haƙƙi ne, kuma masu biyansa uku ne. Gwamnati tana biya saboda amanar da ta karɓa da hatimin da take bugawa. Kamfani yana biya saboda rijiyar da yake sha. Wanda ya koya yana biya saboda na bayansa. Haɗin gwiwar da aka gina a kan wannan fahimta zai jure a tambaye shi ina sakamako, zai nemi na nesa kafin na kusa, kuma zai rayu bayan waɗanda suka ƙaddamar da shi sun bar kujera. Wanda aka gina a kan sadaka kuwa zai ƙare ranar da mai bayarwa ya gaji ko mai ɗaukar hoto ya tafi.

Har yanzu ina tuna mutumin da ya ce mini kamfaninsu ba makaranta ba ne. Ba na riƙe da shi a zuciya, domin ya gaya mini gaskiyar da ta tashe ni daga barci. Amma da zan sake zama a gabansa, zan ce masa: Yallaɓai, haka ne, nan ba makaranta ba ce. Sai dai kowane ma'aikaci da ke cikin ginin nan wata makaranta ce ta yi muku shi, kuma akwai yara a layi waɗanda ba za su iso ƙofarku ba sai kun taka kun tare su a hanya. Ba a fafe gora ranar tafiya.